Yadda Na Yi Makaranta da Ƙarfe a Bakina

Haƙorana na sama a cunkushe suka fito. Fiƙar hagu ta rasa wuri, sai ta ɓullo ta can saman dasashi ta hau kan maƙwabcinta, manyan biyun nan na gaba kuma suka turo waje, har leɓena ba ya rufuwa sai na matsa shi da gangan. Ina shekara 14 aka kai ni wurin likitan da ke gyara jerin haƙora, ya duba, ya ce a sa ƙarfe. A cewarsa shekarun sun yi daidai, don haƙoran yarinta sun gama zubewa, na dindindin sun fito, muƙamuƙi kuma bai gama girma ba, zai fi karɓar gyara.

Bayani kam an yi mana shi, har takarda aka ba mu. Sai dai duk wanda ya tsara bayanin ya ɗauka a gida nake yini, ga famfo, ga madubi, ga lokaci. Alhali likita mintuna kaɗan yake ganin bakina duk bayan mako 4 zuwa 8. Umma tana sa mini ido safe da dare. Amma tsakiyar yini, lokacin ci da sha da surutu da guje-guje, a makaranta yake samuna, inda ba mai duba ni. A kusan shekara biyun da na yi da ƙarfen, na lura a waɗannan awannin ne aikin yake tafiya ko ya tsaya, kuma ba abin da ya kai kunya tsayar da shi. Ciwo yakan zo ya wuce cikin kwanaki, kunya kuwa kullum sai an sake fama da ita.

Kafin a sa komai sai da aka ɗauki hoton fuskata da na cikin baki, aka yi hoton ƙashi, aka ba ni wani abu mai laushi na ciza don a fitar da siffar haƙorana. Sannan aka cusa ƙananan robobi tsakanin turamena na baya, aka ce in dawo bayan mako guda. Aikinsu su buɗa ɗan fili, don zoben ƙarfen da za a zura wa turmi ya samu shiga. Ba a ganinsu, ba wanda ya san da su a aji, amma ni ji nake kamar tsokar nama ce ta maƙale mini aka hana ni sakace. A makon nan na fara koyon sauraron darasi alhali rabin hankalina yana cikin bakina.

Ranar sa ƙarfen ba allura, ba zafi, sai gajiyar hangame baki. Ana goge haƙori a busar da shi, a shafa masa wani abu mai tsami na ɗan lokaci don gam ya kama, a ɗora ɗan ƙaramin ƙarfe a fuskar kowane haƙori, a haska shuɗiyar fitila gam ɗin ya daskare. Daga nan a bi da waya ta tsakiyar ƙarafan, a ɗaure ta da 'yan zobban roba. Cikin awa ɗaya zuwa biyu an gama. Na tashi ina cewa ashe abin ba wuya. Likita ya yi dariya ya ce, "'Yata, bari dai gobe ta yi."

Ya fi ni sani. Ciwon yana farawa bayan 'yan awanni, ya yi tsanani washegari, sannan ya riƙa sauka har mako ya zagayo. Shi ya sa idan da zaɓi, ranar ƙarshe ta makon karatu ta fi dacewa da sa ƙarfe, ko ma farkon hutu, mutum ya sha mafi munin a gida. Umma ta dage aka ba mu irin wannan ranar. Duk da haka na koma aji haƙorana ba sa son haɗuwa da juna, ko rufe baki na yi da ɗan ƙarfi sai na ji har cikin kaina.

Abin da ya kwantar mini da hankali sanin dalili ne. Haƙori ba a manne yake da ƙashi ba. Wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da saiwarsa a cikin raminta, kaurin shimfiɗarsu bai kai rabin milimita ba. Idan waya ta tura haƙori, zaruruwan gefe ɗaya sai su matse, na ɗaya gefen su miƙe. Jiki sai ya turo wasu ƙwayoyin halitta su cinye ƙashin gefen da ya matse, wasu kuma su gina sabo a gefen da ya miƙe. Ta haka haƙori ke tafiya a cikin ƙashi, a hankali ƙwarai, wajen milimita 1 a wata. Tsamin da ake ji daga wannan aikin yake, haka ma ɗan girgiɗin da haƙora kan yi. Ba don an gaya mini ba, da ranar da na ji na gaba yana motsi a tsakiyar darasin lissafi na tayar wa ajin hankali.

Wayar farko siririya ce, har raina ta na yi. Haɗin nikel da titaniyam ce, ƙarfen da aka gano halinsa a wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka wajen 1960, likitocin haƙori kuma suka fara aiki da shi a shekarun 1970. Halin nasa shi ne, duk yadda aka lanƙwasa shi sai ya nemi komawa siffarsa ta asali. An ƙera wayar a siffar kyakkyawan jerin haƙora, aka tilasta mata bin karkatattu, ita kuma dare da rana tana neman miƙewa, tana jan haƙoran tare da ita. Akwai irin da ɗumin baki ke ƙara wa ƙarfi, sanyi kuma ya sassauta ta, kuma tawa irin wannan ce. Wannan ya yi mini amfani a aji fiye da yadda na zata: kurɓin ruwan sanyi, in riƙe shi a baki na ɗan lokaci, sai matsin ya lafa. Gorar ruwa ta zama ba ta rabuwa da teburina. Maganin ciwo kuwa, farasitamol nake sha a gida kafin in fita a kwanakin farko, yadda likita ya ƙayyade. Ban riƙa yawo da ƙwayoyi a jaka ba, don makarantu da yawa ba su yarda da haka, sai dai a damƙa wa malami ko mai kula da marasa lafiya.

Bayan ciwon haƙori sai na kumatu. Cikin leɓe da kunci fata ce mai laushi, ba ta saba goga da ƙarfe ba, kuma ɗalibi ba ya yin shiru. Kowace kalma, kowace dariya, fatar na gogar ƙarfen, har wasu wuraren suka zama gyambo ƙanana. Maganinsa ɗan kakin da asibiti ke bayarwa a ƙaramin akwati. Yana da dabara, kuma dabarar ba ta cikin takardar da aka ba mu: kaki ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe. Sai an wanke hannu, an tsane ƙarfen da takarda mai laushi, an murza ɗan gutsure tsakanin yatsu har ya yi ɗumi, sannan a danna shi a kai. In aka tsallake tsanewar, kafin malam ya gama rubuta kwanan wata a allo kakin ya faɗo kan harshe. Haɗiye shi ba ya cutarwa, amma ana cire shi kafin a ci abinci ko a goge baki. Da dare nakan kurkure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Cikin mako biyu fatar ta yi ƙwari, kakin ya koma na ko-ta-kwana.

Magana ma ta canja. Miyau ya ƙaru, leɓe ya ɗaga, wasu sautuka suna fita da ɗan feshi. Ranar da aka tashe ni karatu a bayyane na ji ana ƙunshe dariya a baya, na ɗora hannu a baki na ci gaba. Malamar ta dakatar da ni ta ce, "Sauke hannunki, ba ma jin ki. Ƙarfen ba laifi kika yi aka sa miki ba." A lokacin na ji haushinta, amma ta yi mini gata. Hannu a baki shi ke jawo ido. Da na bar shi, zancen ya mutu da kansa, don yara ba sa daɗewa a kan abin da mai shi bai damu da shi ba. An laƙaba mini suna ɗaya ko biyu, ba wanda ya yi ƙarko. Abin da ya gyara harshena kuwa karatu da ƙarfi a gida, shafi ɗaya ko biyu kowace yamma, har bakin ya saba da sabon wurinsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin hutun cin abinci. Mintuna ne ƙalilan, kuma a cikinsu ake son mutum ya ci, ya je banɗaki, ya yi hira, ni kuma an ƙara mini aikin wanke ƙarfe. Ƙarfen yana tara abinci ta yadda wanda bai taɓa sa shi ba ba zai gane ba. Kowane ɗan ƙarfe yana da fukafukai da lungu, ƙarƙashin waya ma wurin ɓuya ne. Na san wata 'yar ajin gaba da mu mai ƙarfe wadda ta warware matsalar ta hanyar daina cin komai a makaranta. Tana yini da yunwa don kada a ga abu a haƙorinta, darussan bayan hutu kuma kanta yana kan tebur. Na fahimce ta sarai, amma ban ga ribar ba. An sa ƙarfe don a gyara haƙori, ita kuma karatunta ne ke biyan kuɗin.

Ni tsari na yi wa hutun. Da an tashi ba na tsayawa hira, ci nake fara yi. Komai a yanke ƙanana tun daga gida, ba na gatsa da haƙoran gaba, sai in kai loma baya in tauna da turame. Duk abin da ke da tauri ko danƙo na sallama shi, cingam, alewa mai naɗe haƙori, ƙanƙara, da duk abin da sai an yi ƙarfi kafin ya fashe. Dalilin mai sauƙi ne: gam ɗin da ke riƙe ƙarfen da gangan aka yi shi daidai ƙarfin da zai ɓare ranar cirewa ba tare da ya ɓata haƙori ba, don haka gatsa guda mai kyau tana iya ɓalle shi. Idan na gama ci, sai in ɗauki 'yar jakata in nufi famfo, hira kuma ta samu abin da ya rage.

A 'yar jakar akwai buroshi mai murfi, ƙaramin man goge baki, ɗan madubi, kaki, takarda mai laushi, man leɓe, da wani ɗan mitsitsin buroshi mai siffar tsinke da ake zurawa ƙarƙashin waya. In za a ce in zaɓi ɗaya a cikinsu, wannan na ƙarshen zan ɗauka. Babban buroshi yana share fili, amma tsakanin ƙarfe da ƙarfe sai ɗan ƙaramin. Gogewar kanta hawa uku ce: a karkata buroshi ta saman ƙarfe wajen dasashi, a karkata ta ƙasa, sannan a goge fuskar. Gefen dasashi ne aka fi mantawa, kuma nan ne yake kumbura ya riƙa jini. Ranar da lokaci ya ƙure, in kurkure baki da ƙarfi sau da yawa, in bi da ɗan ƙaramin buroshin, in duba madubi, in bar cikakkiyar gogewa da zaren sakace sai gida. Banɗakin makaranta dai kowa ya san halinsa. Ban taɓa ajiye buroshina a bakin wurin wanke hannu ba, kuma sau da yawa da ruwan gorata nake amfani.

Goge baki a gaban mutane ya fi komai yi mini nauyi. Ana shigowa ana fita, wata ta tsaya tana kallo, wata ta ce, "Ke kuma ba ki goge a gida ba ne?" Abin da ya hana ni bari wani hoto ne da likita ya nuna mini tun ranar farko, na wani da aka cire wa ƙarfe. Haƙoransa sun jeru tsaf, amma kowanne da farin tabo mai kusurwa huɗu, zanen inda ƙarfen ya zauna. Ya bayyana mini yadda abin ke faruwa. Dattin da ke manne wa haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta, su kuma duk sukarin da ya shiga baki sai su mayar da shi tsami. Da zarar tsamin ya yi yawa har ma'auninsa da ake kira pH ya sauka ƙasa da 5.5, ɓawon haƙori ya fara narkewa, kuma miyau yana buƙatar wajen rabin awa ko fiye kafin ya daidaita bakin. Irin wannan tabon yana iya fara bayyana cikin wata guda, wani kuma ba ya gogewa har abada. Wato mutum ya yi shekara biyu yana wahala, ya fito da abin da ya fi karkatar muni.

Daga wannan lissafin na gane cewa yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Wanda ya shanye lemon kwalba a zama ɗaya, bakinsa ya yi tsami sau ɗaya. Wanda ya ajiye shi a ƙarƙashin tebur yana kurɓa daga darasin farko har na ƙarshe, ko yake tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya don kada barci ya ɗauke shi, bai ba miyau damar aiki ba ko kaɗan. Wannan kuwa ɗabi'ar aji ce, kowa na yi. Ni na koma ruwa zalla tsakanin abinci. In na sha abu mai tsami ba na goge baki nan take, don a lokacin ɓawon ya yi laushi, sai in kurkure in jira kamar rabin awa. Man goge bakin kuma mai sinadarin fuloraid ne, wanda aka rubuta yawan sinadarin a jikinsa, 1,350 zuwa 1,500 ppm, kuma bayan gogewa tofarwa ake yi kawai, ba a bi da ruwa a wanke shi.

Da ƙawata muka yi yarjejeniya, in ta ga abu a ƙarfena sai ta taɓa leɓenta da yatsa, ba sai ta yi magana ba. Wannan ya raba ni da yawan leƙa madubi a aji, abin da malamai ba sa so, kuma da gaskiyarsu.

Akwai ɗabi'un da mutum bai san yana da su ba sai ya sa ƙarfe. Tauna gindin biro lokacin jarrabawa, cizon farce, yage leda da haƙori, riƙe fensir a baki yayin da hannu ke neman rula. Duk suna ɓalle ƙarfe ko su lanƙwasa waya, kuma haƙorin da ƙarfensa ya ɓalle ya daina tafiya har sai an mayar, wani lokaci ma baya yake komawa. Nawa ya taɓa ɓallewa a filin wasa, ƙwallo ce ta same ni a baki. Ɗan ƙarfen bai faɗi ba, yana nan yana zamiya a kan waya. Na danne shi da kaki, na gama darussana, Umma ta kira asibiti aka ba mu rana. Wannan ba abin gaggawa ba ne. Na gaggawa shi ne bugun da ya sa haƙori ya gusa ko ya karye, ko kumburin fuska da zazzaɓi, ko wani yanki ya wuce maƙogwaro mutum ya kama tari da wahalar numfashi. Bayan wannan aka samo mini robar kare baki ta masu ƙarfe, mai fili a ciki, don wadda ake matsewa daidai haƙora ba ta daɗewa tana shiga bakin da haƙoransa ke tafiya. Masu busa a ƙungiyar kiɗan makaranta su ma suna shan tasu wahalar, sai sun sake koyon ɗora leɓe.

Wata ƙaramar fitina kuma, yayin da haƙora ke jeruwa wayar takan yi saura, bakinta ya fito ta bayan turmi yana sukar kunci. A aji maganinsa kaki, ko a tura ta a hankali da tsaftataccen magogin fensir. Yankewa aikin asibiti ne, kuma ba ya ɗaukar minti biyu.

Sai robobin da ke jan haƙora, waɗanda a ganina su ne ainihin jarrabawar. Ƙarfe da waya suna jera haƙoran sama da na ƙasa kowanne a layinsa, amma haɗa layukan biyu su dace da juna aikin roba ne. A rabe-raben haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa da wani likitan haƙori ɗan Amurka, Edward Angle, ya fitar a 1899, wanda har yau ake aiki da shi, nawa rukuni na biyu ne, wato na sama sun yi gaba sun bar na ƙasa. Don haka robata daga fiƙar sama take tashi zuwa turmin ƙasa, dama da hagu. Bambancinta da sauran kayan shi ne, ita a hannuna take. Ƙarfe ba zan iya cire shi ba ko na so, roba kuwa yatsa ɗaya ya isa.

Kuma dalilan cire ta a makaranta ba sa ƙarewa. Tana bayyana in an buɗe baki, tana hana hamma, tana sa muƙamuƙi tsami, wani lokaci ta tsinke a tsakiyar magana ta harbi cikin kunci, ko ta yi tsalle ta faɗa kan littafin maƙwabci. Mutum sai ya ce bari in cire yanzu, in mayar in na koma gida, ai da dare ma tana aiki. A nan ne ake tafka asara. Ƙashi yana amsa matsi mai ɗorewa ne. In aka ja haƙori da dare aka sake shi yini guda, abin da aka samu sai ya zube, ciwon kuma kullum sabo yake dawowa don haƙoran ba su taɓa sabawa ba. Umarnin da aka ba ni shi ne dare da rana, ban da lokacin ci da goge baki, kuma in sa sabuwa bayan kowane abinci don roba tana saki in ta daɗe a baki. Ninka ta biyu don a rama lokacin da ya wuce ba ya hanzarta komai, sai dai ya wahalar da saiwar haƙori. Likita kuwa ba ya buƙatar tambaya. Yana cewa in cije ya san ko ana sawa. Na taɓa ji yana gaya wa wani yaro a kujerar kusa da ni, "Ɗana, ni ba zan yi faɗa da kai ba. Watannin da kake ƙara wa kanka kai za ka zauna da su."

Dabarata a nan ita ce rarraba robobin: ƙunshi ɗaya a 'yar jaka, ɗaya a gidan biro, ɗaya a aljihun rigar makaranta. Kuma na koyi sa su ba madubi, da yatsu biyu, har ina iya yi a ƙarƙashin tebur kafin malam ya juyo daga allo. Wanda roba ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya faɗa tun wuri, akwai wadda ba a yi da danƙon itacen roba ba.

Ranakun komawa asibiti sai an yi musu dabara su ma. Duk sanda aka canja waya ko aka ƙara matsi, ciwon kan dawo na kwana ɗaya zuwa uku, ko da yake bai kai na farko ba. Saboda haka ba ma karɓar ranar da ke gab da jarrabawa. Da an ba da jadawalin zango nake kai wa Umma, ta riƙe shi lokacin da ake zaɓar rana. Nakan sanar da malamin aji tun kafin ranar, da takarda daga gida, in kuma nemi wadda zan kwafi darasi a wurinta. Tsallake ranar asibiti saboda makaranta ba ya rage komai, jinkirta cirewa kawai yake yi. Abin daɗin ranar guda ɗaya ne, zaɓen launin 'yan zobban roba. Fari da marar launi suna rinewa cikin kwanaki su koma rawaya, kore kuma daga nesa sai a ɗauka ganye ne ya maƙale. Ruwan toka ya fi rufa asiri, masu duhu kuma suna sa haƙori ya fito da haske.

Cirewa ta fi sawa sauri. Da ɗan filaya ake matse kowane ƙarfe ya ɓalle, a kankare ragowar gam, a goge. Haƙoran sai na ji sun yi santsi da girma, harshena ya kasa barinsu. Dasashina ya ɗan kumbura, ya sauka cikin kwanaki. Tabo ko ɗaya babu. A aji kuwa mutum biyu ko uku ne suka lura a ranar farko, sauran sai kallona suke suna cewa kamar na canja wani abu.

A ranar aka sake auna bakina don a yi mini abin riƙe haƙora, wata roba ce garai-garai da ake kifawa a kansu. Ƙashin da ke kewaye da saiwoyin bai gama ƙwari ba, zaruruwan dasashi kuma suna ɗaukar watanni suna neman mayar da haƙori inda suka san shi, musamman wanda aka juya. Da farko dare da rana nake sa ta, don haka ita ma ta bi ni makaranta, da tata matsalar. Ana cire ta kafin a ci abinci, kuma saboda kunyar a gan ta a kan tebur yawanci a takarda ake naɗe ta, daga nan sai kwandon shara. Ma'aikaciyar asibitin ta ce ba abin da ya kai wannan yawan dawo musu da ɗalibai. Aljihu ma ba wurinta ba ne, a nan take karyewa, ruwan zafi kuma yana lanƙwasa ta. Akwatinta nake ɗauka, mai launi mai haske, da lambar wayar gidanmu a jiki. Bayan wasu watanni aka mayar da ni sawa da dare kawai. Na tambayi likita sai yaushe zan daina, ya ce haƙora ba sa daina motsi muddin mutum yana raye, don haka in ci gaba da sawa, in ta tsage ko ta daina shiga in kawo a yi mini wata.